Yadda Injin Ƙaramin Jirgin Sama Yake Cinyewa da Hanyoyin Kula da Shi

Gabatarwa

Mazauna Kwaciri da Fagge da Sabon Gari sun saba da rugugin jirage, domin filin jirgin sama na Malam Aminu Kano maƙwabcinsu ne. Tun ranar 1 ga Nuwamba, 1925, da jirage uku na sojan Ingila suka sauka a Kano daga Masar, garin bai rabu da jirgi ba. Wannan darasi zai duba injin ƙaramin jirgi mai farfela, kamar Cessna 172 da ake koyon tuƙi da shi a ƙasashe da yawa. Za mu kwatanta shi da jikin ɗan Adam, mu ga abin da ke cinye shi.

Aikin da injin yake yi

Da yawa daga waɗannan jirage suna ɗauke da injin Lycoming O-320 mai silinda huɗu, wanda iska ce ke sanyaya shi, ba ruwa ba. Kamfanin ya ƙayyade a kwance shi a yi masa garambawul bayan awa 2,000 na aiki. Idan yana juyawa sau 2,400 a minti, kafin ya cika wannan wa'adi ya yi juyi miliyan 288. Zuciyar da ke bugawa sau 70 a minti sai ta yi kusan shekara takwas kafin ta kai wannan adadi. Sai dai zuciya nama ce mai rai, kullum jiki yana sabunta sinadaranta. Ƙarfe kuwa abin da ya goge ya tafi ke nan.

Gogayya da baƙin mai

A gwiwar mutum akwai ruwa mai yauƙi da ke hana ƙasusuwa cin juna. Baƙin mai shi ke wannan aiki a inji: yana shiga tsakanin fistin da bangon silinda, yana kwashe zafi, yana kuma ɗebe datti. Lokacin da aka tayar da inji da sanyi, man ya riga ya tsiyaye ƙasa, saboda haka ƙarfe yakan taɓa ƙarfe kafin man ya iso. Shi ya sa matuƙi ba ya ba injin wuta sosai sai mai ya ɗumama. A injin da ke da matatar mai, ana juye man bayan awa 50, ko bayan wata huɗu ko da jirgin bai cika awoyin ba.

Ƙurar hunturu

Mutum a zaune yana shaƙar iska kimanin lita 6 zuwa 8 a minti, gashin hanci da majina suna tare ƙura. Wannan inji kuwa idan an ba shi wuta yana zuƙar fiye da lita 5,000 a minti. Hazon hunturu yana ɗauke da ɓarɓashin yashi, wanda ya fi yawancin ƙarafan inji tauri. Idan matatar iska ta yage ko ba ta zauna daidai ba, yashin zai cakuɗu da mai ya riƙa kankare zoben fistin da silinda. Daga nan sai ƙarfin injin ya ragu, ya fara shan mai.

Tsatsa da zafi

Jirgin da aka ajiye ba a tashi da shi yakan lalace fiye da mai aiki kullum. Ƙonewar lita ɗaya ta fetur tana haifar da ruwa kusan lita ɗaya a siffar tururi, kaɗan daga ciki yana sauka cikin mai. Idan injin bai yi zafin da ruwan zai ƙafe ba, sai tsatsa ta kama silinda da kamshaf, musamman da damina. Zafi ma yana da tasa illar: a watan Afrilu, lokacin da Kano ke kai digiri 40, iska ba ta sanyaya injin sosai, ga shi kan silinda bai kamata ya wuce digiri 260 ba.

Yadda ake gano ciwo

Kamar yadda likita ke aika jini ɗakin gwaji, haka injiniya ke aika man inji. Yawan silikon alama ce ta ƙura, baƙin ƙarfe daga silinda ko kamshaf yake fitowa, alminiyam kuma daga fistin. Ana tsaga matatar mai a duba ɓarɓashin ƙarfe, ana kuma hura iska cikin kowace silinda a ga ko tana yoyo. Duk aikin da aka yi sai an rubuta shi a littafin injin an sa hannu.

Wasu manhajojin kwamfuta masu kwaikwayon tuƙin jirgi suna nuna wannan lalacewa, ɗalibi ya wahalar da inji ya ga sakamako ba tare da asarar rai ba. Mai son ya ƙware a sana'ar yana iya neman Kwalejin Koyon Fasahar Jiragen Sama ta Zariya, wadda aka kafa a 1964.

Kammalawa

Mota idan ta mutu sai a tura ta gefen titi. Jirgi mai inji ɗaya kuwa dole matuƙinsa ya nemi wurin sauka nan take, ga shi unguwanni cike da jama'a sun kewaye filin jirgin Kano. Saboda haka a wannan sana'a ana canza abu ne idan wa'adinsa ya cika, ba a jira sai ya karye.

Aiki ga ɗalibai

1. Lissafa juyin da injin zai yi tsakanin juyen mai biyu.
2. Tare da malaminku, ku buɗe matatar iska ta janareta ko babur da hunturu, ku rubuta abin da kuka gani.