Wane ne Harley na Titin Likitocin Landan?

Tambaya: Kullum sai mu ji manyanmu sun tafi ganin likita a titin Harley da ke Landan. Shin wannan Harley wani shahararren likita ne? Daga mai karatu a Zariya.

Amsa: Ba likita ba ne. Sunan wani gidan sarauta ne na Ingila, kuma ni saboda littattafai nake ganin girman gidan.

Robert Harley (1661–1724) ɗan siyasa ne. Ya shugabanci majalisar wakilai daga 1701, a 1711 kuma Sarauniya Anne ta naɗa shi ma'ajin ƙasa, ya zama shi ne wuƙa shi ne nama. Da ta rasu a 1714 sai abokan hamayya suka tuhume shi da cin amanar ƙasa, ya yi shekara biyu tsare a Hasumiyar Landan, aka sake shi a 1717.

Duk wannan faɗi-tashi bai hana shi sayen tsofaffin littattafai rubutun hannu ba. Ya kuma yi dace da mai kula da taskarsa, Humfrey Wanley, gwanin karanta tsohon rubutu, wanda ke cinikin littattafan yana tsara su. A ganina rabin yabon na Wanley ne.

Edward, ɗan Robert, ya auri Henrietta, wadda ta gaji filayen Marylebone, inda aka shata titin da kake tambaya. Edward ya fi ubansa son littafi, ya yi ta saye ba ji ba gani har ya rasu a 1741 bashi ya yi masa katutu. Littattafan ɗab'i aka sayar wa wani dillali, Thomas Osborne, suka watse.

Na rubutun hannun kuwa, matar Edward da 'yarsa Margaret ba su bari an rarraba su ba. A 1753 suka sayar wa ƙasa dukkansu a kan fam 10,000, kuɗin da bai kai darajarsu ba ko kusa, kuma wannan shawara tasu ta fi komai burge ni. Kundi ne sama da 7,000 da takardun yarjejeniya sama da 14,000, har da na Larabci da Ibrananci da Girkanci, da wata Linjila da aka rubuta da ruwan zinariya wajen shekarar 800. Da su da tarin wasu mutum biyu, Sloane da Cotton, aka kafa Gidan Tarihin Birtaniya. Yanzu suna Laburaren Birtaniya, kowane kundi da lambarsa da sunan Harley a gabanta.