Darasi: Birkin ƙaramar tirela da na'urar sarrafa shi a motar a-kori-kura

'Yan'uwa fatake, dillalai da mahauta na Kasuwar Malam Atta da Nima da Maamobi. Darasinmu na wannan fitowa ya shafi duk wanda yake ɗaura ƙaramar tirela a bayan a-kori-kura, wato fikof, domin ɗaukar shanu ko raguna. Kowa ya san manyan motoci ne ke sauko mana da dabbobi daga Burkina Faso da Mali da Nijar, su biyo ta Paga da Tamale da Techiman da Kumasi, har su sauke a Turaku, wadda ake rubutawa Tulaku, kusa da Ashaiman. To daga can zuwa mayanka ko gidan mai saye, aikin ƙananan motoci ne, kuma a nan ne da yawa daga cikinmu muke jan nauyin da birkin motar bai san da shi ba.

Mu fara da lissafi, tunda shi ne sana'armu. Motar Toyota Hilux mai ƙofa huɗu tana da nauyin kusan kilo 2,000. A ce tirelar ƙarfe kilo 800 ce, aka loda mata bijimai huɗu, kowanne kilo 350. Kilo 2,200 ke nan a baya, ya fi ita kanta motar. Shi kuwa kamfanin ya ƙayyade cewa tirelar da ba ta da birki kada ta wuce kilo 750, ita da kayanta, kuma haka dokar Ingila da ƙasashen Turai ta tanada. Idan tirela na da birkinta, wasu sababbin Hilux kan ja har kilo 3,500, tsofaffi kuma ƙasa da haka, don haka kowa ya duba littafin motarsa. A tuna kuma, in gudu ya ninka sau biyu, nisan da mota za ta ci kafin ta tsaya yakan ninka sau huɗu.

Abu na farko, a san irin birkin da ke jikin tirelar, domin iri biyu ne suka fi yawa a cikin na hannu da ake shigowa da su ta tashar jiragen ruwa ta Tema. Na Turai galibi birkinsu a wuyan tirela yake: idan mota ta rage gudu, tirela ta turo ta, wuyan ya matse ya ja birki da kansa. Wannan ba ya bukatar wata na'ura. Na Amurka kuwa na lantarki ne. A cikin kowace ƙafa akwai maganaɗisu, in wuta ta zo masa sai ya manne wa ƙarfen da ke juyawa, ya buɗe lainin birki ya kama. Irin wannan in babu na'ura a cikin mota mai aika masa wuta, to sunan birki kawai yake da shi. Tirelar da maƙeri ya haɗa a gida kuwa sau da yawa ba ta da ko ɗaya, sai an canja mata gindin ƙafafu mai birki tukuna.

Abu na biyu, ita na'urar. 'Yar ƙarama ce kamar tafin hannu, ana ɗaure ta ƙarƙashin sitiyari inda hannun direba zai kai. Ita ma iri biyu ce. Akwai mai ƙidayar lokaci, wadda da an taka birki sai ta riƙa ƙara wuta har ta kai inda aka saita ta, ko takun a hankali ne ko da ƙarfi. Akwai kuma mai auna tsayawar mota, wadda ke ba tirela birki daidai gwargwadon yadda motar ke rage gudu. Ta farko ta fi araha, amma araha ba ta ado. Kayanmu mai rai ne, a tsaye yake bisa ƙafa huɗu. Fizga ɗaya sai saniya ta durƙusa, sauran su tattake ta, kafin a isa Malam Atta ta karye ko ta zama mushe, jarin mutum ya tafi. Saboda haka shawararmu ita ce a nemi ta biyun, irin su Tekonsha. A tambaya a Abossey Okai, ko Suame Magazine ga mutanen Kumasi. Wanda ke da babbar fikof ta Amurka ya duba tukuna, domin tun 2005 kamfanin Ford ya fara fito da wasu manyan motocinsa da na'urar a jikinsu.

Abu na uku, haɗa waya. Wannan aikin mai gyaran wutar mota ne, amma ya kamata mai mota ya tsaya a kai yana sane da abin da ake yi. Wayoyi huɗu ne ke fitowa daga na'urar:

1. Baƙa: tana zuwa kan batir mai alamar tarawa, ta bi ta makatsin wuta mai amfiya 20 ko 30, irin wanda ke mayar da kansa.
2. Fara: tana zuwa ɗaya kan batir ɗin kai tsaye. Kada a yarda a manna ta a wani ƙarfe mai tsatsa.
3. Ja: tana zuwa makunnin fitilar birki, a gefen da ba ya samun wuta sai an taka.
4. Shuɗiya: ita ke tafiya har bayan mota, zuwa soket mai baki bakwai inda tirela ke haɗuwa.

Idan aka juya baƙa da fara, na'urar ta ƙone ke nan. Kowane maganaɗisu yana shan kusan amfiya 3, ƙafa huɗu 12 ke nan, don haka siririyar wayar rediyo ba za ta ɗauka ba, a sa mai kauri. Na'urar ta bolt 12 ce, kada a jona ta a motar bolt 24. Sannan a ɗaure ta tana fuskantar gaba kamar yadda takardarta ta nuna. A wuyan tirela kuma a sa ɗan makunnin tsinkewa da ƙaramin batir ɗinsa, a ɗaure igiyarsa a jikin mota, ta yadda in tirela ta ɓalle za ta kama birki da kanta. Sarƙoƙi biyu kuma a gitta su ƙarƙashin wuyan.

Abu na huɗu, kuma shi ne zuciyar darasin: saiti. Mu muna fita da tirela wayam, mu dawo da ita cike, kuma saitin da ya dace da wancan bai dace da wannan ba. In aka bar ƙarfin lodi a kan tirela wayam, tayoyi za su ƙulle su riƙa jan ƙasa har su cinye. In aka bar na wayam a kan lodi, tirela za ta tura mota. Yadda ake yi shi ne, a sami hanya busasshiya, miƙaƙƙiya, babu jama'a, a ɗan ɗumama birkin, a yi gudun kilomita 40, sai a ja ɗan hannun da ke jikin na'urar ba tare da taka birkin mota ba. In tayoyi sun ƙulle a rage, in ba a ji riƙo ba a ƙara, har a tsaya dab da inda za su ƙulle. A fara gwajin da buhunan dusa ko yashi masu nauyin dabbobin, a haddace lambobin biyu, na wayam da na lodi. Duk sanda aka loda ko aka sauke, a juya lamba kafin a tashi. Ranar ruwan sama a ɗan rage.

Abu na biyar, gangara. Wanda ya ɗebo shanu daga Afram Plains ya san saukowar Mpraeso zuwa Nkawkaw, haka na Aburi ya san gangaren Peduase zuwa Ayi Mensah. A sa ƙaramar giya tun daga sama, a riƙa taka birki ana saki, domin birkin da aka danne ba hutu yakan yi zafi ya daina kamawa. In tirela ta fara kaɗa wutsiya, a ɗaga ƙafa daga totur, a riƙe sitiyari, a ja hannun na'urar a hankali, sai ta miƙe a bayan mota. Abin da ya fi jawo kaɗawar kuwa shi ne lodi ya koma baya. A sa manyan bijimai bisa ƙafafun tirela da ɗan gabansu, a ɗaure su ko a raba da katanga, yadda kusan kashi 10 zuwa 15 cikin ɗari na nauyin zai sauka kan wuya.

Daga ƙarshe, kulawa. Fitsarin shanu da kashinsu da iskar teku ta Ankara suna cin waya da soket, sai a bi da wayoyi ta cikin roba, a riƙa wanke tirela ana duba su. Kamfanin Dexter mai ƙera irin wannan birki ya ce a gyara saitin lainin bayan mil 200 na farko, sannan duk mil 3,000, wato kusan kilomita 300 da 5,000.

'Yan'uwa, ba a fafe gora ranar tafiya. Kada a bari sai makon Layya, lokacin da raguna suka cika bakin titin Nima kuma fita ba shi da lokacin kowa. Wanda ya iya karatu ya karanta wa direbansa da yaran motarsa. Allah ya tsare mu da dukiyarmu da mutanen da ke kan hanya, ya sa albarka a kasuwa. Sai mun haɗu a fitowa ta gaba.