Laifin ba na dalma ba ne, mazubin ne ke da sanyi

Tambaya ɗaya ce ke ta dawowa daga masu zuba wa ƙugiya kan dalma da masu yin dalmar birgi, tun daga Yawuri har Baga: me ya sa zubi ke fitowa da tamoji, ko wuyan da ke riƙe ƙugiya ya ƙi cika? Kusan kowa kuma da amsarsa yake zuwa, wai dalmar ce "ba ta nuna ba", sai an hura mata wuta ta yi jawur. Wannan magana ta ishe ni, don tana cutar da mutane.

Dalma tana narkewa a digiri 327 a ma'aunin Salshiyos, zubi mai kyau kuma ba ya buƙatar ta wuce 400. Kafin ƙarfe ya nuna ja a ido ya haura digiri 500, a nan ne dalma ke tayar da hayaƙin da kuke shaƙa, samanta ya yi ta ƙonewa yana zama datti. Kun yi asarar gawayi da dalma, kun zuba wa huhunku guba, tamojin kuma yana nan, domin ba daga tukunya ya fito ba. Narkakkiyar dalma ce ta taɓa mazubi mai sanyi ta daskare kafin ta kai lungu. Ku ɗora mazubin a gefen murhu ya ɗau zafi, ku yi zubi uku ko huɗu ba ƙugiya a ciki, ku mayar da su tukunya. Ƙugiyar ma a ɗumama ta. Ku kara cikin mazubin a harshen kyandir har ya yi baƙi, wannan baƙin yana sa dalma ta gudana ta kuma saki da sauƙi. Sannan a zuba a tashi ɗaya, bakin ludayi dab da ƙofar mazubi. Mai zubawa yana tsayawa shi ke samun layi a tsakiyar kan.

Akwai inda dalmar ke da laifi, amma ba ta fuskar da kuke zato ba. Ɗan ƙarfen da masu gyaran taya ke maƙalawa a wilin mota, wanda kuke narkawa a matsayin dalma, da yawansa yanzu tutiya ne, ita kuwa sai a digiri 420 take narkewa. In wutarku daidai take, za ku gan ta tana yawo a sama ku tsame ta. In kun zuga wuta sai ta narke ta gauraya, tukunyar ta koma kamar kunu mai gudaji, ba mazubin da za ta cika. Ku gwada da filaya tun kafin ku jefa: dalma tana lotsewa, tutiya ba ta yi.

Yanzu ga abin da nake so ku riƙe ko da kun manta sauran. Kada ruwa ya kusanci narkakkiyar dalma. Masu tsoma mazubi a bokiti don ya huce su koma zubi nan take, ku daina. Ɗigon da ya maƙale a lungun mazubi, in dalma ta rufe shi, yana zama tururi ya kumbura ninki kusan 1,700, ya watso dalmar a fuska. Tsohuwar dalmar da aka ciro daga jiƙaƙƙen taru, ludayin da ya kwana a raɓa, gumin goshi, duk ɗaya ne. Ku shanya komai ya bushe ƙarau, ku loda tukunya tun tana da sanyi, in mazubi ya yi zafi da yawa ku ajiye shi ya sha iska.

Abin da ya fi ɓata min rai shi ne masu fasa batirin mota a tsakar gida, su narka dalmar cikinsa a tukunyar da gobe za a dafa miya, yara na wasa a ƙurar. A 2010 gubar dalma ta kashe yara sama da 400 a Zamfara, daga ƙurar duwatsun zinari da ake daka a cikin gidaje. Shan madara bayan aiki ba ya fitar da ita daga jini. Ku yi zubi a fili nesa da gida, iska na bayanku, da tukunyar da ba a girki da ita, ku wanke hannu da sabulu kafin ku taɓa abinci ko goro.

In kuma zubin yana fitowa da fiffike a gefe, mazubin ne bai rufu ba. Ku duba ko ɓurɓushin dalma ya maƙale a fuskarsa, ko ƙugiyar ta fi ramin da aka yanka mata kauri.