Kujerar Yaro ta Mota Ita Ma Tana da Wa'adi

Duk wanda ya tsaya a shatale-talen Dandima da sassafe, lokacin kai yara makaranta, zai ga yadda 'ya'yan Sakkwatawa ke tafiya a kan titi. Wasu uku-uku a bayan ɗan kabu-kabu, ƙaraminsu a kan tanki. Waɗanda Allah ya hore wa iyayensu mota kuwa, ga wani a tsaye tsakanin kujerun gaba yana leƙen hanya, ga jariri a cinyar uwa kusa da direba. Jefi-jefi ne ake hango motar da aka girka wa kujerar nan ta musamman da ake ɗaure yaro a ciki. Masu irin wannan mota sun yi abin a yaba, kuma su wannan takarda ta fi nufa, da masu niyyar bin sahunsu. Akwai abu guda da ba a cika gaya musu ba: kujerar tana da wa'adi, kuma sau da yawa kafin ta iso Sakkwato wa'adin ya riga ya cika.

Kamfanonin da ke ƙera waɗannan kujeru sukan ba su shekara 6 zuwa 10, gwargwadon irin kujerar. Kamfanin Graco na Amurka yana ba wasu nasa shekara 7, masu ƙarfe a ciki kuma shekara 10. Kujerar jarirai ta Chicco mai suna KeyFit 30 shekara 6 ce kawai. A wajen yawancin kamfanoni ana fara ƙidaya ne daga ranar da aka ƙera kujerar, ba ranar da maigida ya biya kuɗi ba. Ko a cikin kwalinta ta yi shekara uku a shago ba a taɓa buɗewa ba, shekara ukun nan sun tafi.

To, ta ina kujerun da ke hannun mutane a Mabera, da Arkilla, da Runjin Sambo suka biyo? Sabuwa dal akwai ta, amma da tsada, kuma galibi sai an yi aike Kano, ko Abuja, ko Legas. Mafi yawan waɗanda talaka mai ƙoƙari ke iya kaiwa gare su na gwanjo ne. An yi amfani da su a Amurka ko Turai, aka loda su a kwantena tare da kekunan yara da firji da talabijin, suka sauka a Legas ko Kwatano, suka hauro Arewa. Wasu a bayan motocin Beljiyam suke zuwa, dillali ya haɗa wa mai saye a matsayin gyara. Wasu kuma a dangi suke yawo: yaya ta gama renon 'ya'yanta uku a Kaduna, ta aiko wa ƙanwarta da ta haihu a Gawon Nama. Zumunci ne mai kyau, sai dai a yi lissafi. Kujerar jarirai da aka ƙera a 2016, mai wa'adin shekara 6, ta gama aiki tun 2022. Tana iya yiwuwa ma dalilin da ya sa mai ita na farko ya rabu da ita ke nan.

Wani zai ce, ai wannan dabarar Nasara ce ta cin kasuwa, kujera ba abinci ba, me zai ruɓe a jikinta? Tambayar tana kan hanya, kuma gaskiya ne cewa kamfanonin ne da kansu ke yanke wa'adin, ba wata doka ce ta ƙayyade musu yawan shekarun ba. Gaskiya ne kuma kujera ba ta tarwatsewa washegarin ranar da aka rubuta. Amma mutumin Sakkwato shi ne na ƙarshe da ya kamata ya raina wannan magana, don ya fi kowa sanin abin da rana ke yi wa roba. Kowa ya taɓa ganin farar kujerar roba ta 'yan haya a wajen biki ko suna: ta sha rana shekara da shekaru, a ido lafiyarta lau, baƙo na zama sai ƙafa ta ɓalle. Gangar jikin kujerar yaro ma roba ce, ko da yake ta fi waccan inganci nesa ba kusa ba. Aikinta shi ne ta ɗan lanƙwashe ta shanye bugu a ranar haɗari. Robar da ta bushe ba ta lanƙwasa, tsagewa take yi.

Bugun kuwa ba na wasa ba ne. Motar da ke gudun kilomita 50 a awa, wato gudun cikin gari, idan ta daki abu ta tsaya cak, ƙarfin da ke jefa na ciki daidai yake da faɗowa daga tsayin kusan mita 10. Balle a hanyar Gusau, ko ta Tambuwal zuwa Jega, ko ta Illela, inda direbobi ke ninka wannan gudu.

Sai batun zafi, wanda a nan ne Sakkwato ta sha bamban da ƙasashen da aka ƙera kujerun dominsu. A watannin Maris, Afrilu da Mayu zafin garin yakan haura digiri 40 a ma'aunin Selshiyos, a inuwa ma ke nan. Cikin motar da aka rufe aka bari a rana ya fi haka nesa. Wani bincike da masana na Jami'ar Jihar Arizona ta Amurka suka fitar a 2018 ya nuna cewa a ranakun da zafin waje ya kai wajen digiri 38, motar da ta yi awa ɗaya a rana dashbod ɗinta yakan kai kusan digiri 69, kujerunta kuma digiri 51. A tuna da motar ma'aikacin da ke yini a filin sakatariya tun safe har la'asar, kujerar yaro tana ciki tana gasuwa, kullum, duk tsawon bazara. Hunturu ya zo da sanyin asuba da ƙura mai shiga kowace kafa. Kujerar da ta cinye ƙuruciyarta a sanyin Jamus, ta zo nan a tsufanta ta haɗu da wannan, ba adalci ba ne a sa ran za ta yi aikin sabuwa.

Ba roba kaɗai ke gajiya ba. Igiyoyin da ke riƙe kafaɗun yaro suna sanyi da gumi da wanki da hasken rana. Farin soson da ke ƙarƙashin yadin, wanda ke kare kai, yakan tsage ba a gani ba. Shi kuwa makullin da ke tsakanin cinyoyin yaro, abokin gabarsa abinci ne. A 2014 kamfanin Graco ya yi kiranyen kujeru fiye da miliyan 6 a Amurka, saboda ragowar abinci da abin sha mai zaƙi suna bushewa a cikin makullin har ya ƙi buɗuwa, a kasa fitar da yaro cikin gaggawa. Waɗanda suka yi rajistar kujerunsu a can an aika musu da sabon makulli kyauta. Irin wannan sanarwa ba ta bin kujera cikin kwantena. Mai saye a gwanjo ba shi da labari, mai sayarwa ma haka, ga shi kuma yaranmu ba su rabo da koko da fura da alewa a mota.

Ƙa'idojin ƙira ma suna canjawa. A Turai tsohuwar ƙa'ida ita ce R44. A 2013 aka shigo da sabuwa, R129, wadda ta ƙara gwajin bugu daga gefe, ta kuma wajabta jariri ya fuskanci baya har ya kai wata 15. Daga watan Satumba na 2024 Tarayyar Turai ta hana sayar da sababbin kujeru masu tsohuwar ƙa'idar. Kayan da kasuwa ta juya wa baya a can, an san inda suke nufa.

Babban abin tsoro ga kujerar gwanjo shi ne tarihinta. Hukumar kiyaye haɗurran hanya ta Amurka tana cewa a canja kujera bayan duk wani haɗari mai ƙarfi, ko da ba a ga lahani a jikinta ba. Ba ta yarda a ci gaba da amfani da ita sai idan motar ta bar wurin da kanta, ƙofar da ke kusa da kujerar ba ta lotsa ba, ba wanda ya ji rauni, jakar iska ba ta fashe ba, kujerar kuma ba ta nuna wata illa ba. Wasu daga cikin motocin da ake kawowa daga Amurka masu rauni ne da aka saya a gwanjon kamfanonin inshora aka gyara. Kujerar da ta zo a bayan irin wannan mota, wa zai rantse ba ta ciki ranar da abin ya faru? Araha ba ta ado.

Duba wa'adin ba ya buƙatar boko mai zurfi. A cire kujerar daga mota, a kifa ta. A ƙasanta ko a bayanta za a ga farar takarda a manne, mai ɗauke da sunan kamfani, da lambar samfur, da ranar ƙira, kusa da kalmomin "Manufactured in" ko "Date of Manufacture". Wasu sukan ƙara da "Do not use after", wato ranar daina aiki, wani lokaci a zane a jikin robar. A kula, Amurkawa kan fara rubuta wata kafin rana, don haka shekarar ita ce abin nema. Kujerun Turai sau da yawa ba su da ranar daina aiki a jiki. Suna da takarda ruwan lemo mai harafin E a cikin da'ira, sannan a jikin robar akwai wani zane kamar fuskar agogo: lambobi biyu na tsakiya shekara ce, kibiyar kuma tana nuna wata. Idan takardar ta ce R44/03, kujerar ta tsufa ƙwarai, don tun 2005 aka fito da wadda ta gaje ta. In kuwa an kankare takardar, ko babu ita sam, a ajiye kujerar a yi gaba, kome kyan yadinta.

Wadda ke cikin wa'adinta kuma a taimake ta. A nemi inuwa, ko a lulluɓe ta da farin zane in za a bar mota a rana, a kuma taɓa ƙarfen makullin kafin a zaunar da yaro, don yana ƙuna. Kada a jiƙa igiyoyin a omo ko bilic, tsumma mai ɗan danshi ya isa. Kada a ɗiga wa makulli mai. Igiyar da ta tsinke ba aikin tela ko baduku ba ce. Wadda ta gama aiki a yanke igiyoyinta da almakashi kafin a fitar da ita, in ba haka ba 'yan gwangwan za su tsince ta, ta sake bayyana a kasuwa.

Kada wani ya karanta wannan ya ce to gara a koma cinya. Hannun uwa, kome ƙaunarta, ba ya iya riƙe jariri a lokacin karo. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce haɗarin hanya na kashe mutum kusan miliyan 1.19 a shekara, kuma shi ne kan gaba wajen kashe masu shekara 5 zuwa 29. Ta kuma ce kujerar yaro na iya rage mutuwar jarirai a haɗari da kashi 71 cikin ɗari. Hukumar Kiyaye Haɗurra ta Ƙasa, wadda aka kafa a 1988, ta daɗe tana gargaɗin cewa yaron da bai kai shekara 12 ba wurinsa baya ne. Kujerar jariri mai fuskantar baya kuwa, sam ba a girka ta a gaba inda akwai jakar iska mai aiki. Ajali na Allah ne, ba mai musu, amma malaman garin nan sun sha karantar da cewa tawakkali yana tafiya ne tare da riƙon sababi.

Akwai hakki a wuyan 'yan kasuwa: su duba shekarar kaya kafin su sara, su kuma faɗa wa mai saye gaskiya. Ungozomomi da ma'aikatan jinya na Asibitin Koyarwa na Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo da Asibitin Mata da Yara na Maryam Abacha, su ne ke ganawa da masu juna biyu ranar awo, kuma minti biyu a kan wannan batu ba zai ɓata musu aiki ba. Kai kuma maigida, ke kuma uwargida, in akwai irin wannan kujera a motarku, ku fito da ita yau, ku kifa ta, ku karanta shekarar da ke jikinta kafin a sake zaunar da yaro.