Tafiyar Bai-ɗaya da Tsayayyen Ma'auni: Misali Daga Kogin Kwara

1.0 Gabatarwa

Wannan darasi zai nuna wa ɗalibi mai shirin zama malami yadda ake bayyana tafiyar bai-ɗaya da Hausa. An ɗauko misali daga garin Lolo da ke bakin Kogin Kwara, a Ƙaramar Hukumar Bagudo ta Jihar Kebbi, dab da iyakar Jamhuriyar Benin.

2.0 Ma'anar Kalmomi

Ana cewa abu yana tafiyar bai-ɗaya idan ya miƙe ba karkata, saurinsa bai ƙaru ba, bai kuma ragu ba. Ana gano saurin ne ta hanyar raba nisa da lokaci. Sai dai nisa ba ya aunuwa sai an zaɓi wani abu da aka ɗauka a tsaye yake, kamar bishiyar da ke gaɓar kogi. Wannan abu shi ake kira tsayayyen ma'auni.

3.0 Misali

A ƙaddara kwalekwale mai inji ya tashi daga Lolo da buhunan shinkafa. Injinsa na tura shi kilomita 12 a awa ɗaya a kan ruwa, ruwan kuma na gudun kilomita 3 a awa ɗaya. Idan ya gangara ta wajen Yawuri, mai tsaye a gaɓa zai auna masa kilomita 15 a awa. Idan ya juyo yana haurowa, kilomita 9 kacal zai auna. Fasinjan da ke ciki kuwa zai ce buhunan ko gezau ba su yi ba, domin shi kwalekwalen ne ma'auninsa. Duka biyun sun faɗi gaskiya; ma'auninsu ne ya bambanta.

Wannan bambanci na da muhimmanci. Tafiyar kilomita 45 za ta ci awa 3 a gangare, amma awa 5 a dawowa. Matuƙin da ya sayi mai daidai da na zuwa, sai man ya ƙare masa a tsakiyar kogi.

4.0 Tushen Batun

A shekarar 1632, Galileo, masani ɗan ƙasar Italiya, ya nuna cewa wanda aka rufe a cikin jirgin ruwa mai tafiyar bai-ɗaya ba zai gane ko jirgin tafiya yake ko a tsaye ba. A 1687, Isaac Newton na Ingila ya kafa dokar cewa abu zai ci gaba da irin wannan tafiya matuƙar wani ƙarfi bai sauya ta ba. Ita kanta gaɓar kogin ba a tsaye take ba, domin duniya na kewaya rana da gudun kimanin kilomita 30 a daƙiƙa ɗaya.

5.0 Kammalawa

Wajibi ne malami ya ambaci tsayayyen ma'auni kafin ya ba yara lissafin sauri. In ba haka ba, yara biyu za su kawo amsa mabambanta, ya hukunta ɗaya alhali bai yi kuskure ba.

Auna Fahimta

1. Me ake nufi da tsayayyen ma'auni?
2. Idan gudun ruwan ya kai kilomita 4 a awa ɗaya, nawa mai tsaye a gaɓa zai auna a gangare, nawa kuma a haurowa?