DARASIN NOMA: TSUTSAR KAƊA CIKIN GARKAR TUMATI

Ƴan'uwa manoma na Tasawa da Mayahi, musamman ku masu garake bisa Gulbin Kaba. Darasinmu na yau bisa wata tsutsa ne wadda kowanenku ya taɓa tararwa cikin ɗan tumati. Masana suna ce mata Helicoverpa armigera. An fi saninta da tsutsar kaɗa, amma tana cin tumati, da kuɓewa, da tattasai, da wake, da masara, da dawa.

Ko furen wardi ba ta bari ba. Kun san turaren wardi da alhazai ke zowa da shi daga Ɗa'ifa ta Saudiyya. Ana noman wannan wardi kuma a Bulgariya, da Turkiyya, da Maroko, da Indiya. Sai an tara fure tan 3 zuwa 4 kafin a samu kilo 1 na mansa. A Indiya tsutsar nan tana huda furen tun bai buɗe ba, ya lalace. Mai wardi ba ɗiya yake jira ba, furen ne dukiyarsa, don haka bisa fure yake sa ido. Ku ma ku yi kamarsa. Yaƙin tsutsar nan tun lokacin fure ake cinsa.

1. YADDA TAKE RAYUWA

Uwarta wani malam-buɗe-littafi ne na dare, mai launin ƙasa. Tana aza ƙwai ɗai-ɗai bisa sabon ganye da kusa da fure. Uwa guda tana iya yin ƙwai ɗaruruwa. Cikin zafi, kwana 3 ya isa ƙwan ya ƙyanƙyashe. Ƴar tsutsar tana fara cin ganye da fure, sa'annan ta huda ɗa ta shiga. Bayan mako 2 zuwa 3 ta kai santimeta 4. Sai ta sauka, ta shige ƙasa ta kwanta kamar mako 2, ta fito da fukafukai. Ke nan wajen wata guda ya isa a samu sabon zubi.

2. YADDA ZA KU GANE TA

Launinta yana sakewa: wata tsanwa, wata ƙasa-ƙasa, da zane mai haske bisa kowane gefe. Raminta zagayayye ne, sau da yawa kusa da kan ɗan tumatin. Tsutsa guda tana ɓata ɗiya da dama. Kada ku haɗa ta da Tuta absoluta, wadda aka gano a Nijar a shekarar 2013. Ita waccan ba ta kai santimeta 1 ba, kuma cikin ganye take gina hanyarta.

3. ABIN DA ZA KU YI

a) Da zarar tumati ya fara fure, ku zaga garka sau 2 a mako, da safe. Ku duba sabon ganye da fure. Ƙwan fari-fari ne, bai kai ƙwayar hatsi ba. Ku murtsuke shi.

b) Ku tsince tsutsotsin da hannu, ku ba kaji.

c) Ɗan da aka huda, ku cire shi ku bizne cikin rami mai zurfi. Kada ku yar da shi bakin fangali.

d) Ku daka ƴaƴan bedi busassu. Ku jiƙa garin rabin kilo cikin ruwa litir 10, ya kwana. Ku tace, ku sa sabuni kaɗan, ku fesa da marece. Ku sake kowane kwana 7.

e) Bayan kun gama ɗiba, ku tuge tsofaffin itatuwan, ku kafce ƙasa, rana da tsuntsaye su gama da waɗanda suka kwanta.

4. GARGAƊI BISA MAGANIN KASUWA

In tsutsa ta riga ta shiga ɗa, magani ba ya iske ta. Kun yi hasarar kuɗi, kun kuma sa guba bisa abincin iyalinku. Tun wajen 1996 aka lura, a gonakin kaɗa na Afirka ta Yamma, cewa wasu magungunan sun daina kashe ta saboda yawan fesa iri guda. Maganin da ake kira endosulfan kuma, ƙasashen CILSS sun hana shi a 2007. Kada ku sayi kwalba marar takarda. Ku nemi shawarar malamin gona na gundumarku, ku kiyaye kwanakin da aka rubuta tsakanin feshi da ɗiba.

TAMBAYOYI DOMIN MASU SAURARO

1. Don mi feshi ba ya amfani bayan tsutsa ta shiga ɗa?
2. Cikin garakenku, wace shuka ce take fara kamawa?
3. In maƙwabcinku bai bizne ruɓaɓɓun ɗiyansa ba, mi zai samu garkarku?

Ku tattauna tsakaninku, ku aiko mana da amsa. Allah ya ba mu albarkar noman rani, amin.