Amsoshin Tambayoyinku: Zan Iya Canza Kujerar Injin Motata a Gida?

Tambaya: Ina da Golf 3 da nake lodi da ita daga Kurawa zuwa Sabon Birni, wani lokaci har Isa. Tun bayan damina, in na tayar da ita sai sitiyari ya riƙa karkarwa, in na saki kulochi kuma in ji "gum" a gaba. An ce mini injin sit ne ya mutu. Zan iya canza shi a ƙofar gida? Daga wani direba a Kurawa.

Amsa: Malam direba, Allah ya tsare hanya. Za ka iya, in kana da jak mai kyau da sufanu da mutum ɗaya da zai kama maka. Amma fara tabbatar da ciwon kafin ka sayi magani, domin fulogi in ya mutu shi ma yana sa mota karkarwa.

Abin da makanikai ke kira injin sit, wato kujerar inji, roba ce mai kauri da aka manne tsakanin ƙarafa biyu. Ita ke ɗauke da inji da giyabos, waɗanda nauyinsu ya haura kilo 100, ita ce kuma ke shanye girgizarsu. Golf 3 tana da uku: ɗaya a gaba kusa da lagireto, biyu a baya, ta dama ta inji, ta hagu ta giyabos. An fara ƙera motar nan a Jamus a 1991, ƙaramar cikinsu ma yau ta haura shekara 25. Haɗa da zafin bazarar Gobir da ramuka da lodin buhuna, ka ga robar ta yi ƙoƙari. Babban abokin gabarta kuwa baƙin mai ne: in yana ɗiga a kanta sai ta jiƙe ta yi laushi. In ba ka toshe yoyon ba, sabuwar ma ba za ta daɗe ba.

Ga gwajin. Ja hambirki, ka sa duwatsu a gaban tayoyi, ka buɗe bonet. Abokin aikinka ya taka birki, ya sa giya ta ɗaya, ya ɗan saki kulochi ya sake takawa, sannan ya yi haka a ribas. Kai kuma ka tsaya a gefe, kada ka kuskura ka tsaya a gaban motar. Inji ya ɗan motsa ba laifi ba ne. In ya yi tsalle ya dawo da ƙara, kujera ta tafi. Haska tocila, za ka ga robar ta tsage ko ta zauna.

Ranar aiki bari injin ya huce, ka cire kan batir na ƙasa. Tun daren da ya gabaci ranar ka jiƙa notikan da kananzir don su saki. Abin da na fi jin tsoro a ƙauyukanmu shi ne ƙasar kanta. Yashi ne, jak yana nutsewa a cikinsa sannu a hankali, ba ka ankara ba sai ya kauce. Nemi daɓe, ko ka shimfiɗa katako mai faɗi da kauri a ƙarƙashinsa. Sa wani katakon tsakanin kan jak da kaskon baƙin mai, don ƙarfe a kan ƙarfe zai lotsa shi, ya toshe wa famfon mai hanya. In za ka ɗaga motar kanta, sai ta zauna a kan kututture mai ƙwari tukuna. Ina roƙonka saboda Allah da iyalinka, kada ka shiga ƙarƙashin motar da jak kaɗai ke riƙe da ita, kada kuma yatsanka ya shiga tsakanin inji da kujera.

Canza ɗaya bayan ɗaya. Ɗaga injin kaɗan har nauyi ya bar kujerar, ka kwance ta, ka ƙara ɗagawa daidai yadda za ta fito. In ka zarce, tiyon ruwa da salansa da shaf za su ji jiki. Gwada tsohuwar da sabuwar gefe da gefe. Ɗaura kowane noti da hannu, ka sauke injin ya zauna, sannan ka matse.

Wajen saye, masu safaya za su nuna maka sabuwa da 'yar Beljiyam, irin waɗanda ake sarowa daga Ƙofar Ruwa a Kano. Ni na fi son sabuwa mai kyau, domin 'yar Beljiyam sa'ar motarka ce a shekaru. In ita ce daidai aljihunka, murɗa robar da ƙarfe ka duba tsaga. Cusa guntun taya ko yi wa kujerar walda kuwa ban yarda da shi ba: girgizar za ta koma kan jikin motar ta tsattsaga shi.

In noti ya karye a ciki, ko ka tarar ƙarfen da kujerar ke zama a kai ya tsage, dakata nan. Kai ta wurin makanike a Sabon Birni da safe, ba lodi, a hankali. Ka fi ni sanin halin da hanyar Isa take ciki, ba wurin da mota za ta mutu da fasinja ba ne. Kada ka sake ɗaukar kowa sai ka gyara.